Siminti Ba Ya Fitar Da Doya

Jama'a, har yaushe za mu yi shiru? Tun 1976 da aka ƙirƙiro Abuja, doka ta damƙa ƙasar yankin gaba ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya. Yau a Kuje, Gwagwalada da Bwari, gonakin doya da dawa suna komawa filotai. Wasu ma an katange su an bar wa ciyawa. Manomi kuwa, Bagwari ko Bahaushe, diyyar shuka da itatuwa ake ba shi, ban da ta ƙasa. Sannan mu dawo muna kukan tsadar abinci a kasuwar Wuse! Muna kira ga hukumar FCDA ta shata yankunan noma, ta haramta yanka su. Masu gona, mu haɗa kai kafin katafila ta iso.