Sharhi: An sauƙaƙa kiran Bamako, 'yan Matameye kuwa suna Kano da Tamanrasset

A ranar 21 ga Nuwamban 2024 ne hukumomin kula da sadarwa na Nijar da Mali da Burkina Faso suka sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar da ta soke ƙarin kuɗin da ake cirar wa mai waya idan ya ƙetare iyaka da layinsa, abin da masu harkar ke kira romin. Ɗan Nijar da ya sauka Bamako ko Wagadugu zai amsa kira kyauta, ya kuma yi nasa kiran a farashin ƙasar da ya sauka, ba sai ya sayi sabon sim ba. Mataki ne mai kyau, kuma ƙawancen AES ya cancanci yabo a kansa.

Sai dai duk wanda ya tsaya a tashar motar Matameye bayan an gama girbi zai ga inda jama'a suka dosa. Ba Bamako ba ce. Wasu kudu suke yi, su bi ta Ɗan Barto su ƙetare Kwangwalam, su shiga Daura, daga nan sai Kano ko Abuja ko Legas. Wasu kuma arewa suke yi, Damagaram, Agadez, Arlit, har Tamanrasset ta Aljeriya, ko su karkata zuwa Libiya. Waɗannan su ne hanyoyin bida na mutanen gundumar Kance, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da yarjejeniyar Yamai ta taɓa. An yi rangwame a hanyar da ba su bi.

Ana cewa zumunta a ƙafa take. Ga gidan da maigida ke tura ruwa a Kano, ko uwa ke Tamanrasset da yara biyu, zumunta ta koma cikin salula. Ta waya ake sanar da haihuwa da rasuwa. Ta waya ake faɗa wa na gida lambar da za su je su karɓi kuɗi a Nita ko Amana ko Al Izza, su sayi tiyar hatsi lokacin bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Ta waya kuma ake sanin cewa wanda ya tafi yana raye. Saboda haka tsadar kira ba ƙorafin 'yan gayu ba ne masu son kallon bidiyo. Magana ce ta abincin gida.

Zaɓin da ke gaban ɗan ci-rani bai wuce uku ba, kuma kowanne da ƙayarsa. Zai iya riƙe layinsa na gida, na Airtel ko Moov Africa ko Zamani ko Niger Télécoms, ya ci gaba da amfani da shi a ƙetare, kati ya riƙa ƙarewa tun kafin a gama gaisuwa. Zai iya sayen layin ƙasar da ya sauka, ya riƙa kiran lambar 227 a farashin kiran ƙasar waje. Ko kuma ya sayi data ya koma WhatsApp, inda saƙon murya ya zama wasiƙar wanda bai yi boko ba. Na ukun shi ne mafi araha, amma yana buƙatar babbar waya a ɓangarorin biyu, da rezo mai ƙarfi a ƙauyen da ake kira, da wutar da za a yi caji. A ƙauyuka da yawa na Kance abu ɗaya cikin ukun nan kan yi ƙaranci, shi ya sa har yau kira na kai-tsaye bai mutu ba, kuma shi ne mai tsadar.

Na biyun, wato sayen layin ƙasar da aka sauka, shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin nan ne talaka ke faɗawa rami ba tare da ya sani ba. Tun daga Disamban 2020 Najeriya ta wajabta haɗa kowane sim da lambar shaida ta NIN, kuma bayan ɗage wa'adi sau da yawa, aka rufe ƙofa a Satumban 2024, aka toshe layukan da ba a haɗa ba. Baƙon da ke zaune a Najeriya bisa ƙa'ida yana da damar samun wannan lamba, amma sai da takardun zama. Mai yankan farce ko mai shayi da ya zo watanni huɗu ya koma gona ba ya da su, ba ya ma san ofishin da ake nema ba. Abin da yake yi shi ne ya roƙi wani ya yi masa rajista da sunansa, ko ya sayi sim da aka riga aka yi wa rajista a bakin titi. Daga ranar, layin da yake karɓar kuɗin aikinsa da shi ba nasa ba ne a idon doka. In wayar ta ɓata ba zai iya dawo da lambar ba. In mai sunan ya aikata laifi, shi za a bibiya. In kuma ya koma gida damina, layin ya daɗe ba a taɓa shi ba, kamfani na iya karɓe lambar ya sayar wa wani, sai matarsa ta buga ta ji muryar baƙo.

A Aljeriya abin ya fi haka tsanani. Mobilis da Djezzy da Ooredoo duk sai da takardar shaida suke sayar da layi, alhali galibin matan da suka shiga ta hamada ba su da fasfo. Su ma sunan wani suke ara. Idan samame ya rutsa da su aka loda su a mota zuwa iyaka, ƙungiyoyin agaji da na kare haƙƙin ɗan Adam sun sha ba da rahoton cewa ana ƙwace wa waɗanda aka koro wayoyi da kuɗi. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga mutane sama da 30,000 da aka koro daga Aljeriya zuwa Nijar a 2024 kaɗai. Wanda aka raba da wayarsa an raba shi da lambobin danginsa, domin mutane kaɗan ne yanzu ke haddace lamba. Yana iya isa Asamaka da ransa, gida kuma a yi makonni ana zaman zullumi.

Mutanen Kance ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan zullumi. A ƙarshen Oktoban 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a hamada arewa da Arlit, 52 daga ciki yara ne, 33 mata, bayan motocin da suka ɗauko su zuwa Tamanrasset sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Galibinsu daga wannan yanki suka fito. Gwamnati ta yi zaman makoki na kwana uku. Ba za a ce arahar kira ce za ta cece su ba, don inda suka mutu babu rezo ko kaɗan, wayar tauraron ɗan Adam irin Thuraya ce kawai ke aiki a can. Amma abin da ya faru ya nuna cewa ga matafiyin wannan hanya, iya isar da murya shi ne tazarar da ke tsakanin ceto da kabari. Tun da gwamnati ta soke dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure a Nuwamban 2023, motoci suka koma bin hanya a fili, babu abin da zai hana a wajabta wa kowane direban da ke ɗaukar fasinja daga Agadez ko Arlit riƙe wayar tauraro mai aiki, a kuma duba ta a shingen fita gari kamar yadda ake duba takardun mota.

A ɓangaren kudu kuwa, uzurin ya fi ƙaranci. Daura ta fi kusa da Matameye a kan Damagaram. Harshe ɗaya, auratayya ɗaya, naira da sefa suna yawo a kasuwa ɗaya. A garuruwan bakin iyaka waya kan kama rezon ƙasar da ke ƙetare da kanta, mutum yana zaune a ƙofar gidansa a caje shi kamar wanda ya yi tafiya. Shi ya sa za a ga ɗan kasuwa da waya mai sim biyu, ɗaya na nan ɗaya na can, yana juya su kamar mai canjin kuɗi. Da hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince wa kamfanoni ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, an ji zafinsa a gidajen Matameye kamar yadda aka ji a Katsina.

Kada wani ya ce abin ba ya yiwuwa ta fuskar fasaha. Tun a 2007 kamfanin Celtel, wanda ya koma Zain, daga baya ya zama Airtel, ya shigar da Nijar da Najeriya cikin tsarinsa na rezo guda, inda mai layi ke ƙetare iyaka ya amsa kira ba tare da ƙarin kuɗi ba. Amma wancan tallar kamfani ce, mai kaya na iya sauya sharuɗɗansa ranar da ya ga dama, kuma ba ta shafi wanda ke kan wani layin ba. Abin da ake buƙata shi ne haƙƙi da hukuma ta rubuta, wanda ya hau kan kowane kamfani. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da irin wannan doka tun a Disamban 2017, aka bar ta a takarda, sai a 2023 Ghana da Kodebuwa suka zama na farko da suka aiwatar da ita a tsakaninsu. Abin lura a nan shi ne yadda suka yi: hukumomin ƙasashen biyu ne suka zauna suka daidaita, ba su jira sauran ba. Ficewar Nijar daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025 ba ta hana ta yin haka da Najeriya. Hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu, wadda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarta ke Yamai, tana nan, kuma a Afrilun 2025 ministocin harkokin waje Yusuf Tuggar da Bakary Yaou Sangaré sun gana a Yamai kan farfaɗo da hulɗa. Ana maganar layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da bututun gas, to a sa maganar waya a kan tebur ɗin. Ita ce ba ta buƙatar a haƙa ko taku ɗaya na ƙasa.

Gaskiya ne akwai tsamin dangantaka. Ba a manta da rufe iyaka da yanke wutar da Najeriya ta yi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ba, kuma jihar Damagaram, wadda wutarta ke zuwa ta layin Katsina, ta ɗanɗana. Da Aljeriya ma an janye jakadu a Afrilun 2025. Amma gwamnatin da ke cewa 'yancin ƙasa ta sa a gaba, ita ce ya fi kamata ta nuna cewa 'yancin ya kai aljihun ɗan ci-rani. Zamanin da ake da majalisar dokoki, 'yan Nijar mazauna ƙetare har jiha ta tara ake kiransu, da kujeru biyar. An iya nemo su lokacin zaɓe. Neman sauƙin kiransu gida bai kai wancan wahala ba.

Wani ɓangaren gyaran ma ba ya buƙatar amincewar kowace ƙasa. Nijar ta daɗe tana kai-kawo kan harajin da ake ɗora wa kiran da ke shigowa daga waje, wanda ake kira TATTIE: an soke shi a kasafin 2018, aka dawo da shi a 2019 da baitulmali ya ji giɓin. Duk mai tsara kasafi ya san cewa irin wannan haraji, ko da sunan kamfani aka rubuta shi, daga aljihun mai gadi a Legas da mai aikatau a Tamanrasset yake fita. Yana kuma kore mutane daga kira na kai-tsaye zuwa WhatsApp, a ƙarshe a rasa harajin a kuma bar tsohuwar da ba ta da babbar waya cikin shiru.

Intanet ɗin ma sai ta isa ƙauye kafin ta yi amfani. Babban layin zaren gilashi na ƙetare Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa, ya haura kilomita 1,000 a cikin Nijar, kuma reshensa guda ya bi ta Damagaram da Magariya zuwa iyakar Najeriya, maƙwabtan Kance ke nan. Starlink ma ya fara aiki a ƙasar a Maris ɗin 2025, amma kuɗin na'urarsa da na wata-wata ba na manomi ba ne shi kaɗai. Zai yi ma'ana idan ma'aikatar magajin gari ko ƙungiyar 'yan asalin gari mazauna ƙetare ta ɗauki nauyin na'ura guda da farantin sola a kasuwa ko asibitin ƙauye, jama'a su riƙa biyan dala biyar ko goma suna magana da nasu. Kuma duk wanda ya tuna yadda aka katse intanet ta wayar hannu na kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021 ya san cewa irin wannan mataki, ko don Yamai aka ɗauke shi, yana yanke uwa a Matameye daga ɗanta da ke Sabha.

Sai abu mafi sauƙi, wanda hukumar ARCEP za ta iya umarta gobe da safe. Kundin sake gina ƙasa na Maris ɗin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma saƙon da ke faɗa wa matafiyi farashin kira idan ya ƙetare iyaka da Faransanci yake zuwa, a rubuce, ga mutumin da bai karanta ko da Hausar boko ba. A wajabta wa kamfanoni huɗun nan lambar kira kyauta da za ta faɗa wa mutum da murya, da Hausa, nawa minti yake daga Najeriya, nawa daga Aljeriya, nawa daga Libiya, da kuma tsawon lokacin da layinsa zai yi a ajiye kafin a karɓe lambar. A maimaita wannan bayani a gidajen rediyon karkara na Kance da Magariya a watannin Oktoba da Nuwamba, kafin motocin bida su fara cika.