Tsadar mota ta raya kasuwar musayar kujeru tsakanin Hilux da jif, amma akwai abin dubawa a ƙarƙashi

A kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, kujerar mota ta zama haja mai zaman kanta. Mai tsohuwar Hilux da kujerarsa ta lotsa ba ya tambayar farashin sabuwa. Abin da yake tambaya shi ne: wace jif ce kujerarta za ta zauna a motata?

Dalilin bai wuce aljihu ba. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a hukumance, amma a farkon 2024 ta haura 1,500. Hukumar Kwastam kuma da farashin dala take lissafa harajin mota, ga shi tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Wanda a da zai sayar da motarsa ya ciko ya ɗauko 'yar Kwatano, yanzu lallaɓa ta hannunsa yake yi. Injin a-kori-kura yana da jimiri, sai dai kujera ba ta kai shi ba, musamman ta direba, wadda sosonta na gefen ƙofa ke fara mutuwa saboda hawa da sauka.

Me ya sa kujerar wata ke shiga wata?

Kamfanoni da yawa a kan ƙashi ɗaya suke gina a-kori-kura da jif. Hilux ɗin da Toyota ta ƙera daga 2004 zuwa 2015 'yar ɗaki ɗaya ce da Fortuner ta farko. Nissan Navara D40 da Pathfinder R51 ma haka suke, kamar yadda Mitsubishi L200 take da Pajero Sport, Ford Ranger kuma da Everest. Ita 4Runner ta farko, wadda ta fito a 1984, kusan Hilux ce aka rufe wa baya.

Wannan dangantaka ce ta sa a lokuta da dama ramukan noti huɗu na kujerar gaba ke dacewa ko su kusa dacewa. Jif kuma yawanci ta fi samun kujera mai laushi, wani lokaci ta fata ko mai lantarki, don haka mai Hilux yake ganin ya ci riba biyu.

Amma suna kaɗai ba ya wadatarwa. 4Runner daga wajen 1996 ta koma dangin Prado, ta rabu da Hilux. Dillali zai iya rantsuwa cewa duk Toyota ce, kuma bai yi ƙarya ba, sai an je ɗaurawa a ga ramuka biyu sun hau, biyu sun ƙi.

Ba ma kullum ake bukatar sauya kujera gaba ɗaya ba. Kujera guntu-guntu ce: ƙashin ƙarfe, soso, riga, layin da take gudu a kai, da makullin kwantar da baya. Masu ɗinkin kujeru suna da wata tsohuwar dabara, su ciro soson mazaunin fasinja su mayar wa direba, ta yadda gefen da bai sha wuya ba zai koma wajen ƙofa. A motocin da sassan biyu suka yi daidai, aikin yana kyau kuma ba shi da tsada. Sauya soso ko riga a tsohuwar motar da ba ta da jakar iska a kujera ba shi da wata illa.

Inda matsalar take

Matsalar tana farawa ne idan ramuka sun ƙi hawa aka kira mai walda. A motoci da yawa makullin bel, wato inda ake soka bel ɗin, a jikin kujera yake. Idan aka yi karo, jikin mutum yana fizgar bel da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau da yawa, kuma wani kaso na wannan fizga ta kujera yake bi ya sauka kan notunan da ke riƙe da ita. Kamfani ya ƙara kaurin ƙarfe a daidai waɗannan wurare huɗu na daɓen mota. Da zarar an huda sabon rami a gefe, inda ƙarfen ba shi da kauri, ko aka liƙa guntun ƙarfe da walda, ko aka ɗaura noti uku aka ce ya isa, kujerar za ta zauna daram shekara da shekaru. Ranar da za ta tsinke ita ce ranar da aka fi bukatarta.

Sai batun hannu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, sitiyarinmu yana hagu. Kayan gyara kuwa har daga Japan da Tailan da Ingila suke zuwa, inda direba ke zama a dama. Idan aka ɗauko kujerar direba ta can aka dasa a hagu, makullin bel zai koma wajen ƙofa, hannun kwantar da baya ya shige tsakiya. Wasu sai su kwance makullin su ɗaure shi a inda ya samu.

Abin da ya fi ɓoyuwa shi ne lantarki. Jif ɗin da suka fito daga Amurka da Turai sukan zo da jakar iska a gefen kujera, da na'urar da ke gane ko akwai mutum a zaune. Soket mai launin rawaya a ƙarƙashin kujera alamar layin jakar iska ce, kuma ba a taɓa shi sai an cire kan batir an ɗan dakata. Idan aka sa wa irin wannan mota kujerar da ba ta da waɗannan kaya, fitilar SRS za ta kama a dashbod. Maganin da wasu masu wayarin ke yi shi ne su sa ɗan rizisto ya yaudari kwamfutar motar, ko su cire ƙwan fitilar kawai. Fitila ta mutu, jakar kuma babu ita. Ko da jakar tana nan, ta wani ɗinki na musamman take fashewa ta fito, kuma sabuwar rigar leda da aka ɗinke da zare mai ƙarfi tana iya tare ta.

A ganina a nan ne hukumomi suka bar giɓi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta ɗaura bel tun 2003, amma jami'in da ke bakin titi bel yake gani a ƙirjin direba, ba zai san a jikin me aka ɗaure shi ba. Takardar lafiyar mota kuwa kowa ya san yadda ake karɓarta a wurare da dama, tare da sabunta takardu, ba tare da an leƙa ƙasan kujera ba. Hana sana'ar ba mafita ba ce, domin tana ciyar da iyalai kuma tana rage wa masu mota asara. Ƙungiyoyin makanikai da na 'yan kasuwar kayan gyara sun fi kowa damar sa wa mambobinsu ƙa'ida, tunda su ne suka san wanda ke aiki da wanda ke rufa-rufa.

Kafin hakan ta samu, nauyin yana kan mai saye. A tafi da tsohuwar kujera kasuwa a auna ramuka kafin a biya. Idan bambancin a layin ƙasa ne, ya fi aminci a mayar da layin asali na motar a ƙarƙashin sabuwar kujerar, in ya hau ba tare da yanka ba, a kuma yi amfani da notunan asali. Mai sayen tsohuwar jif ko a-kori-kura kuma ya tura kujera gaba da baya ya duba ko akwai tabon walda, sannan ya murɗa makulli ya kalli dashbod: fitilar SRS mai lafiya tana kamawa na 'yan daƙiƙu ta mutu da kanta. Idan ba ta kama ba sam, to wani ya riga ya taɓa ta.