Wa'adin Garanti Ba Ya Wanke Masana'anta

Sau da yawa ɗalibi ko ma'aikaci kan wayi gari allon kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka ya yi baƙi ƙirin, alhali wa'adin garanti ya wuce. Mai sayarwa sai ya ce babu ruwansa. A ganinmu wannan amsa ba ta gamsar ba.

Idan ba a manta ba, a shekarar 2008 kamfanin Nvidia na Amurka ya amsa cewa wasu ƙwayoyin sarrafa hoto da ya ƙera suna da aibi, domin yawan ɗaukar zafi da hucewa kan tsinke dalmar da ta haɗa su. Ya ware dala miliyan 196 saboda gyara. Apple da HP da Dell kuma suka tsawaita garanti, na Apple har ya kai shekara 4.

Saboda haka mai kwamfuta ya fara bincika ko an yi irin wannan shela kan samfurin tasa. Gasa ƙwayar da iska mai zafi kuwa yakan farfaɗo da ita ne na ɗan lokaci. Wajibi ne masu gyara su faɗi haka kafin su karɓi ko kwabo.