Sunan Kwali da Sunan Asali

A shekarar 2023 kamfanin GSK ya sanar da daina sayar da magungunansa kai tsaye a Nijeriya, sai farashin Augmentin da Ventolin ya yi tashin gwauron zabo. Talakawan Daura, Zango da Baure sun ji a jikinsu. Alhali kuwa Ventolin sunan kwali ne, sunansa na asali salbutamol, kuma wasu kamfanoni suna yin sa da araha.

Duk da haka, wasu masu harhaɗa magunguna suna ɗari-ɗari da yin musanya. Suna da hujjarsu: a 1990 gurɓataccen ruwan paracetamol ya kashe yara 109 a Jos da Ibadan. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Sai dai masu jabu sanannen suna suka fi kwaikwayo. Abin dogaro shi ne lambar rajistar NAFDAC da amintaccen dillali. Manomin da aka tilasta wa Augmentin mai tsada rabi zai saya, ciwon kuma ya dawo. Wajibi ne likita ya rubuta sunan asali, mai magani kuma ya nuna wa majinyaci ingantacce mai rahusa.