Gyara kayanka, wannan karon har da sauke mu raba

Hausawa na cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. To, a kan maganar da muke tafe da ita yau, muna neman afuwar masu karin magana, domin kayan da ke bisa kan matan gidajenmu sun wuce a ce a gyara masu zama kurum. Sai an sauke su, an zubar da na zubarwa, sannan a raba sauran tsakanin duk wanda ke ci yana kwana a gidan. Abin da muka lura da shi a biranenmu abu biyu ne: kaya sun yi yawa a cikin gida, hannuwan da ke aikinsu kuma sun yi kaɗan.

Gidan Bahaushe dama ba gidan mutum uku ba ne. Binciken lafiyar iyali da aka yi a ƙasarmu a 2012 ya nuna cewa, a matsakaicin lissafi, mace ɗaya na haihuwar ƴaƴa 7,6, wanda aka sake yi a 2021 kuma ya nuna 6,2. A ƙara da kishiya da nata ƴaƴan, da ƙanen maigida da ya zo karatu daga ƙauye, da tsohuwa, da baƙon da ya zo ganin likita ya share wata guda. Ko a Bagalam ta Maraɗi ne, ko Birnin Damagaram, ko Bukoki ta Yamai, aikin yini ɗaya ne: daga sallar asuba a hura wuta, a dama koko, a yi shara, a shirya yara zuwa lakkwal, a tari ruwa in famfo ya kawo ko a jira ɗan ga-ruwa, a yi wanki, a kai niƙa, a ɗora sanwar rana, kafin a gama wanke-wanke ta dare ta taso. Gaskiya ne injin niƙa ya rage daka, kuma tun da matatar man Damagaram ta fara aiki a 2011 gaz ya shiga gidaje da dama a birane. Amma ku tambayi matan, za su ce maku gajiyar ba ta ragu ba. Lokacin da injin da gaz suka ba su, tarkace ya ƙwace.

Kowa ya zagaya gidansa da idon baƙo ya gani. A bayan ɗaki akwai tsofaffin tayoyi da ƙarafan babur ɗin da aka sayar shekara biyar da suka wuce. A kan rufin kwano akwai kujerar da ƙafarta ta karye da keken yaron da yanzu ya yi gemu. A zaure ga tele da ta mutu tun kafin a haifi auta, ga firigo da ya koma ma'ajiyar takalma. Ƙarƙashin gado kuwa sai wanda ya leƙa: fasassun jarkoki, gwangwanayen madara, ledoji cikin ledoji, littattafan lakkwal na yaran da suka riga suka yi aure, da ankon bukukuwan da an manta ma ko na wane ne. Duk abin da ka taɓa, amsa ɗaya ce: a bar shi, wata rana zai yi amfani.

Ba mu ga laifin wannan tunani daga tushe ba. Al'ummar da ta ga yunwar 1973 da ta 1984, ta kuma ga ƙuncin 2005, ba za a koya mata tattali ba, kuma wanda ya san zafin nema ba ya saurin zubarwa. Sai dai iyayenmu da suka koya mana ajiya, abin da suka ajiye ƙwarya ce da tukunya da tabarma, kayan da in sun lalace sukan koma ƙasa. Mu kuwa kasuwa ta cika mu da roba da kayan kuran masu arha daga Sin da Dubai, masu saurin mutuwa, marasa ruɓewa. Halin ajiya yana nan yadda yake, kayan da ake ajiyewa ne suka canza.

Abin da ba mu lissafawa shi ne kowane tarkace na biyan haya, kuma ba da kuɗi ake biya ba, da ƙarfin mace ake biya. Daga watan Nuwamba har zuwa Maris ƙurar hunturu ba ta barin komai. Duk abin da ke cikin ɗaki sai an ɗaga shi an share ƙarƙashinsa, an kakkaɓe shi, an mayar. In matar gida na ɓata minti 30 kacal kowace rana wajen ɗagawa da goge abubuwan da ba wanda ke amfani da su, a shekara ta yi asarar sama da awa 180. A haɗa da lokacin da ake ɓatawa ana neman takalmin yaro ƙafa ɗaya ko takardar haihuwa ranar da lakkwal ta nema, da faɗan da ke biyo baya.

Akwai kuma maganar lafiya. Taya ko gwangwani da ya tara ruwan sama ya ishi sauro, domin a lokacin zafi kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo. Tarin itace da tsummoki maɓoyar kunama ce da ɓera. Tarin katifu da kwalaye kusa da murhu ko tsohuwar wayar kuran kuwa, gobara kawai suke jira. Ledar da muka tara muka gaji da ita, ƙarshenta magudanar ruwa ko cikin akuya. Ƙasarmu ta kafa dokar hana shigo da ledoji marasa kauri da sayar da su tun watan Nuwamba na 2014, amma kowa ya san yadda bishiyoyin bakin gari suke. A damanar 2024 ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a faɗin ƙasa, ta shafi sama da miliyan ɗaya, har tsohon masallacin Birnin Damagaram ya faɗi. Ba mu ce shara ce ta kawo wannan ruwa ba, ikon Allah ne. Amma magudanar da leda ta toshe ba ta da inda za ta kai ruwa sai cikin gidaje.

Wa ke ɗauke da wannan nauyi? Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta bayyana a 2018 cewa mata ne ke yin sama da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da ba a biyan kuɗinsa, mace na yin awa 4 da minti 25 a rana, namiji awa 1 da minti 23. Wannan lissafin duniya ne gaba ɗaya. Mu nan ba sai an auna mana ba. Kuma idan uwa ta gaji, ba ɗanta namiji take kira ba, ɗiyarta take kira. Asusun UNICEF ya nuna a 2016 cewa ƴan mata masu shekara 5 zuwa 14 na ba aikin gida lokacin da ya fi na takwarorinsu maza da kashi 40 cikin ɗari. Gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ƴaƴa mata a watan Disamba na 2017, amma doka ba ta shiga tsakar gida da ƙarfe shida na yamma, lokacin da yarinyar da ke shirin jarrabawar BEPC ke tsugune gaban tulin kwanoni, wanta kuma yana fada yana jiran shayi na biyu. In sakamako ya fito ta faɗi, sai mu ce dama ba ta da ƙoƙari, a yi mata aure.

A nan ne ya kamata mu maza mu kalli kanmu. Cewa namiji bai iya aikin gida ba zance ne kawai. Masu wanki da guga a unguwanninmu maza ne. Mai shayi da mai tsire da ɗan ga-ruwa da tela duk maza ne. Ɗan ci-rani a Abijan ko Legas ko Libiya da hannunsa yake dafa abincinsa, ya wanke tufafinsa, ya share ɗakinsa. Ashe aikin da ake biya ba ya rage mutunci, sai wanda za a yi wa iyali kyauta? An ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, yana ɗinke tufarsa yana gyara takalminsa. Muna jin wannan a wa'azi muna girgiza kai, mu dawo gida mu kira yarinya daga kan littafinta ta miƙo mana buta. Kuma in za a faɗi gaskiya, tarkace mafi nauyi a gida, ƙarafa da tayoyi da matattun na'urori, na maigida ne, ba na uwargida ba.

Mun san abin da wasu maza za su ce: to a fara da kwanonin da ta jera har rufi. A yi hattara a nan. Kayan ɗaki ba tarkace ba ne, dukiyar mace ce, ita ce bankinta tun kafin a san banki. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta yi bayanin yadda kayan aure ke nuna darajar mace da yawan mutanenta. Mace takan sayar da tasa ko tukunya ranar da ciwo ya zo, ko ta ajiye wa ɗiyarta. Wanda bai saya ba, ba shi da hurumin cewa a zubar. Abin da za mu roƙi iyaye mata shi ne su dubi irin kayan da ake jerawa a yau. Robobi da tangaran da kujerun da ke cika ɗaki har amarya ta rasa inda za ta shimfiɗa darduma, ba sa riƙe daraja, in aka tashi sayarwa ko rabin kuɗi ba sa mayarwa, ga shi da yawa da bashi aka saye su don kada a ji kunyar dangin miji. Da an rage jere an saya wa yarinya tunkiya biyu, ko keken ɗinki, ko ɗan zinari, da ta samu jari, ta kuma huta da goge-goge.

Wasu kuma za su ce ai sai a ɗauki ƴar aiki. Wanda ke da hali ya ɗauki babbar mace ya biya ta haƙƙinta, babu laifi. Amma ɗauko yarinya ƴar shekara goma daga ƙauye, nauyin ne aka sauke daga kan ɗiyarmu aka ɗora wa ɗiyar talaka, wadda ita ma lakkwal ta dace da ita.

Gyaran bai buƙatar kuɗi. A ware lokaci sau biyu a shekara, ɗaya a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, ɗaya kafin azumi, a bi gida ɗaki-ɗaki, ba duka rana ɗaya ba. Abin da aka yi amfani da shi cikin shekarar ya zauna. Abin da ke gyaruwa a kai shi wurin mai gyara cikin makon, in mako ya wuce ba a kai ba, an san ba za a kai ba. Ƙarfe da alminiyom da tsohon batir a kira masu saye, ga su nan suna yawo da kura unguwa-unguwa, kuma duk wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai ya ga yadda maƙera ke mayar da irin waɗannan tukwane da murhu da akwati. Tufafin da suka yi wa yara kaɗan kuwa, akwai maƙwabci da almajiri da wanda ruwa ya cinye wa kaya, sadakar da aka yi da riga tana da sauran kyau ta fi wadda aka yi bayan gara ta ci rabinta. Takardun haihuwa da na fili da na lakkwal a haɗa su wuri ɗaya cikin abin da ruwa ba ya shiga, a ɗora sama. Magungunan da kwanansu ya ƙare a raba su da inda hannun yara ke kaiwa. Sharaɗi ɗaya ne: kada kowa ya taɓa kayan wani ba da yardarsa ba, musamman na tsofaffi da na abokiyar zama, don kada neman tsafta ya haifi gaba.

Rabon aiki ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Gidan da ya iya tsara kwanan girki tsakanin mata biyu ko uku ba tare da an rubuta ba, ya iya tsara ranar sharar kowane yaro. Ɗan shekara biyar zai iya naɗe tabarmarsa ya kai kwanonsa wurin wanki. Ɗan shekara goma, namiji ko mace, zai iya share tsakar gida ya wanke kayan lakkwal ɗinsa. Saurayi ya ɗauki jan ruwa da fitar da shara da wankin makewayi kafin ya tafi fada. Maigida ya fara da nasa tarkacen, ya kuma riƙe jariri lokacin da ake tuƙa tuwo. Yaro abin da ya ga ubansa na yi shi yake ɗauka, ba abin da aka faɗa masa ba.

Hukumomin magajin gari su ma da nasu rabon. In iyali suka fitar da shara ba su samu inda za su zuba ba, ko aka bar juji wata da watanni ba a kwashe ba, a magudana za ta ƙare. A yawaita wuraren zuba shara a unguwanni, a yashe magudanu kafin damana ba bayan ta yi ɓarna ba, a kuma aiwatar da dokar leda ta 2014 ko a faɗa mana abin da ya hana.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma shekara da shekaru mun bar wa hannu ɗaya jinkar gida, muna kuma ƙara mata nauyi da kayan da ba su da amfani. Damana mai zuwa ba za ta jira mu ba, jarrabawar ƴaƴanmu mata ma haka. Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya sa albarka a gidajenmu.