KEKE MAI NINKEWA: Raddi Ga Masu Cewa Na Zubar Da Girman Marubuta

Na san da yawa a cikinku ci gaban labarinmu kuke jira, to ku yi mini afuwa ta mako guda. Wata magana ce ta tsaya mini a maƙoshi, in ban amayar da ita ba alƙalamina ba zai tafi daidai ba.

Ranar Lahadin da ta gabata na halarci taron ƙaddamar da littafin wani ƙaninmu a nan cikin birnin Kano. Na isa a kan kekena, na sauka a bakin ƙofa, na ninke shi, na ɗauke shi da hannu ɗaya na shiga na jingine shi a gefen kujerata. Ban gama gaisawa da jama'a ba sai wani abokin sana'armu ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Haba Malam, ai ka zubar mana da girma! Marubuci guda a kan keke, keken ma wanda ake naɗewa kamar tabarma?" Aka fashe da dariya, ni ma na taya su. Da aka tashi wani ya tambaye ni nawa na saye shi, da na faɗa sai ya riƙe baki, wai da na ƙara kaɗan ai da na sayi babur ɗan gwanjo na huta da gumi. Na uku kuwa cewa ya yi abin da ake ninkewa ai ba ya ƙarko, wata rana zai rabe biyu da ni a tsakiyar titi.

A wajen ban tanka ba saboda taro na wani ne, bai kamata na ɓata masa ranarsa ba. Amma nan fili ne namu, don haka ga amsata, kuma ba da gaba ba.

Da farko bari na gaya wa wanda bai taɓa ganin irinsa ba yadda yake. Kekuna masu ninkewa iri biyu ne. Akwai masu ƙananan tayoyi, waɗanda aka yi domin mutanen biranen Turai masu shiga jirgin ƙasa da su, irin Brompton na Landan mai taya inci 16. Waɗannan kwalta suke so. Akwai kuma irin nawa, samfurin kamfanin Montague na Amurka, mai cikakkiyar taya inci 26, mai kauri da ƙuraje, da giya, da shokazoba a gaba, wanda aka yi domin gargada da yashi da taɓo. In za ka ninke shi sai ka buɗe wani ɗan hannu ka zare tayar gaba, ka buɗe wani a saman ƙarfen jikinsa, sai gabansa ya juyo ya haɗu da bayansa. Babu sifana, babu guduma, minti ɗaya ya yi yawa. Nauyinsa kilo goma sha huɗu ne ko da ɗan ɗoriya, wato bai kai jarkar ruwa ɗaya ta 'yan garuwa ba.

Shi kuma mai cewa ba ya ƙarko, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wannan dabara ba a kasuwar kayan wasan yara aka haife ta ba, a fagen yaƙi ta girma. A yaƙin duniya na biyu kamfanin BSA na Ingila ya ƙera dubban kekuna masu ninkewa domin sojojin laima, su diro da su daga jirgin sama, su warware su hau. Shi kansa Montague a shekarar 1997 wata hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron Amurka ta ba shi tallafi domin ya ƙera wa sojoji keken daji mai ninkewa, daga nan aka samu samfurin da ake kira Paratrooper. Ko Brompton da suka yi suna a kan ƙananan tayoyi, a shekarar 2024 sai da suka fito da mai taya inci 20 domin hanyoyin da babu kwalta. To abin da aka yi domin ya sauka daga sama da soja, ramin unguwarmu ne zai ba shi tsoro?

Yanzu mu zo ga amfaninsa, ba a Landan ba, a nan inda muke.

Na ɗaya, gidan haya nake zaune, ciki da falo, mu gida huɗu muna raba soro ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan gida ya san rigimar ajiye abin hawa a soro: yau an ce ka tare hanya, gobe yaro ya ture shi, jibi ka wayi gari babu shi. Kekena na farko, wani tsohon Fonis, a ƙofar masallaci aka ɗauke mini shi da kwaɗonsa da komai, tsakanin kabbarar farko da sallama. Wannan kuwa ba ya kwana a waje. Bayan ƙofar ɗakina yake kwana, in na je maɗaba'a yana gefen tebur, in na je wajen masu sayar da littattafai a Sabon Gari yana ƙarƙashin kanta. Ɓarawon da zai sace shi sai ya fara sallama da ni.

Na biyu, mahaifiyata tana ƙauye, daga bakin titin Gwarzo akwai tafiyar kusan kilomita tara a kan burji da yashi. Da, in na sauka daga mota sai na tsaya jiran ɗan acaɓa, in da rana ne ya tsawwala kuɗi, in magariba ta yi ma babu shi sam. Yanzu a Kabuga nake ninke kekena, yaron mota ya cusa shi a but tare da buhunan mutane, wani lokaci ya karɓi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ya ce na bar shi. Ina sauka na warware na hau. A daminar bara cikin dare aka bugo mini waya jikin Hajiya ya tashi, maganin hawan jininta ya ƙare. Da asuba na kama hanya, an kwana ana ruwa, babu babur ko ɗaya da ya yarda ya shiga hanyar saboda taɓo. Inda ya hawu na hau, inda rafi ya yanke na saɓa shi a kafaɗa na tsallaka. Kafin hantsi magani yana hannunta. Ina so mai cewa na zubar da girma ya gaya mini, wane girma ne ya fi wannan?

Na uku, ana cewa hawan keke a titunan Kano ganganci ne da rai. Wannan akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin babu wani gefe da aka ware mana, kuma wasu masu tuƙi ba sa lissafa mai keke a cikin 'yan Adam. Amma a nan ne ma keken gargada ya fi na kwalta. Ni ba dole ne na bi babban titi ba. Lungu nake bi, da bayan makaranta, da hanyar da ruwa ya zaizaye har adaidaita ta daina shiga. Lokacin da mai mota yake huci a cunkoso, ni na daɗe da ɓullewa ta wani wajen.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ƙashin bayan maganar. Eh, yana da tsada, ban musa ba, ko a gwanjo kuɗinsa ya sayi kekunan gari biyu ko uku. Amma mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba. A ranar Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, cikin 'yan kwanaki ta haura 500, zuwa Oktoban 2024 ta tsallake naira 1,000. Mafi ƙarancin albashi kuwa da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ka ɗauka mutum yana kashe naira 1,000 kacal a kullum a adaidaita, zuwa da dawowa. A kwana 26 na aiki ya kashe 26,000, a shekara 312,000, kuma ranar da shekara ta ƙare ba shi da ko ƙusa da zai nuna. Babur ɗin da ake ce mini na saya, ai ranar da ka saye shi ranar ka ɗauro wa kanka wani bakin da za ka ciyar: mai, baƙin mai, fulogi, takardu, bakanike. Kekena tuwon da na ci jiya da daddare shi ne fetur ɗinsa. Hidimarsa ba ta wuce faci, da ɗan mai a kaca, da sauya robar birki. Kuma da yake tayarsa inci 26 ce, taya da tub ɗinta ba wahalar samu suke yi a wajen 'yan kekuna ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kada kuma mu manta, a Janairun 2013 dare ɗaya gwamnati ta hana goyo a kan babur na haya a Kano saboda matsalar tsaro, dubban mutane suka wayi gari suna sayyada a ƙasa. Abin hawan da ya dogara da gidan mai da dokar gobe, rabinsa ne naka.

Domin adalci, bari na faɗi aibinsa da bakina. Ba keken dako ba ne. Mai son ɗaukar buhun masara ko jarkoki huɗu ya nemi Fonis mai kariya, nan ya fi shi nesa ba kusa ba. Sannan kasuwa ta cika da na bogi masu ƙyalƙyali, waɗanda mahaɗarsu take fara girgiɗi bayan wata biyu. Araha ba ta ado. In za ka saya, ka kama birkin gaba ka girgiza keken, in ka ji mahaɗar tana ƙara ko motsi ka ajiye musu kayansu. Ka duba wajen walda ko akwai tsaga, kuma kullum kafin ka hau ka tabbatar ka kulle hannayen nan da kyau. Gumi kuwa akwai shi, musamman a watan Afrilu, shi ya sa nake fita da sassafe da ƙaramin tawul a jaka.

Amma ni na san duk wannan ba shi ne ainihin abin da ya ba su dariya ba. Abin da ya ba su dariya shi ne kunyar a ga mutum a kan keke. Kuma a nan dole na juya alƙalamin a kanmu, mu marubuta, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ku ɗauko littattafan soyayyar da muka cika kasuwa da su tun daga shekarun 1990, nawa da na abokaina, ku duba. Yaushe jarumi ya taɓa zuwa zance a kan keke aka ba shi matar? Kullum sai ya danno hancin wata dalleliyar Marsandi, maigadi ya wangale get, ƙamshin turarensa ya riga shi fitowa. Mai keke a littattafanmu ɗayan uku ne: ɗan aike, ko malamin makarantar da za a wulaƙanta a babi na biyu, ko saurayin da iyaye za su kora. In ma mun tausaya masa, to kafin littafi na uku sai mun nemo masa wani kawu a Abuja ya ba shi mota, sannan muke yarda ya zama mutum. Shekara da shekaru muna ɗura wa 'yan mata da samari wannan karatu, alhali yawancinmu da muke rubutawa a ƙafa muke kai rubutun maɗaba'a. Yau ga shi mun girbe abin da muka shuka: saurayi ya gwammace ya ci bashi ya hau adaidaita, ko ya ari motar aboki ya zuba mata man dubu biyar, da a gan shi yana taka feda.

Iyayenmu ba haka suke ba. A zamaninsu mai sabon Rale abin kallo ne a gari, ana yi masa ado da tuntaye da madubi, ana wanke shi ranar Juma'a, har kamfanin Raleigh ya taɓa kafa masana'anta a nan Kano. Malamai da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa da shi suka yi neman da suka rene mu. A ƙasar Holan, inda kekuna suka fi mutane yawa, Mark Rutte ya yi kusan shekara goma sha huɗu yana firaminista, sau da yawa a kan keke yake zuwa ofis, kuma a kan keke ya bar ofishin ranar da ya sauka a Yulin 2024. A nan gida kuwa, da ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi kiran a koma hawan keke a 2001, har wata bas ta tura shi cikin kwata a Abuja, me muka yi? Dariya muka yi masa, maimakon mu tambayi dalilin da ya sa titunanmu ba su da wajen mai keke. Irin dariyar ce dai aka yi mini ranar Lahadi. Girman kai rawanin tsiya.

Ban ce kowa ya sayar da motarsa ba, wanda Allah ya hore wa ya hau abinsa lafiya, Allah ya ƙara buɗi. Abin da nake cewa shi ne, mutum mai ƙaramin ƙarfi da yake zaune a gidan haya, yake da iyaye a ƙauye, yake bin hanyar da ba ta san kwalta ba, zai yi wuya ya samu abin hawan da ya dace da rayuwarsa kamar wannan. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Ni dai na ɗauki alƙawari a gabanku, jarumin littafina na gaba a kan keke zai zo zance, zai ninke shi ya shiga da shi soro, kuma babu wani kawu da zai faɗo daga Abuja da makullin mota. Ko za a ba shi matar? Wannan sai kun karanta. Abokina mai dariya kuwa, ina gayyatarsa ranar da aka yi ruwan farko mu tashi tare daga Kabuga zuwa ƙauyenmu, shi da abin hawansa ni da tabarmata. Wanda ya riga isa shi zai sha furar Hajiya.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗora labarinmu daga inda muka tsaya. Wanda na saɓa wa ya yafe mini.