Dogon Bututu Ba Ya Wanke Hayaƙi

A wannan wata za mu leƙa birnin Biyana, hedkwatar ƙasar Ostiriya, mu dubi wani bututun hayaƙi da ya zama abin kallo a can.

A unguwar Spittelau akwai wata masana'anta da ke ƙona sharar birnin. Bututunta ya kai mita 126, da wata ƙatuwar ƙwallo mai ruwan zinariya kusa da ƙolinsa. An gama ginin masana'antar a 1971. Aikinta shi ne ta ƙona shara, wutar ta tafasa ruwa, a tura ruwan zafin ta cikin bututu a ƙarƙashin ƙasa zuwa gidajen mutane. Idan ruwan ya ɗumama ɗakuna ya huce, sai ya komo a sake zafafa shi. A ƙasar da ruwa ke daskarewa lokacin sanyi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tana ƙona wajen tan 250,000 na shara a shekara, tana kuma ɗumama dubban gidaje.

To, a 1987 gobara ta ci babban sashe na masana'antar. Magajin garin wancan lokaci, Helmut Zilk, ya nemi mai zanen nan Friedensreich Hundertwasser ya ƙawata sabon ginin. Da farko mutumin ya ƙi, domin shi mai kishin kare muhalli ne. Bai yarda ba sai da aka tabbatar masa za a sa na'urorin tace hayaƙi na zamani. An kammala aikin a 1992.

Nan ne darasin yake. Kafin hayaƙin ya shiga bututun nan, sai an cire masa ƙura, an wanke shi da ruwa don rage guba mai tsami, sannan an bi da shi ta wata na'ura mai karya sauran dafin. Tsawon bututu shi kaɗai ba ya tsabtace komai, yana dai kai hayaƙin nesa ne. Turai ta koyi wannan da wuya. Dogayen bututun masana'antun Ingila da Jamus sun riƙa aika hayaƙin kwal har Suwidin da Norwe, inda ya sauko tare da ruwan sama ya kashe kifaye a tafkuna. Shi ya sa a 1979 ƙasashe suka sa hannu kan yarjejeniya a Janiba game da gurɓatacciyar iska mai tsallake iyaka.

Mu kam ba mu da buƙatar ɗumama gidaje, rana ta ishe mu. Amma shara muna da ita, kuma muna ƙona ta. A zangunanmu da yamma, musamman lokacin hunturu, za ka ga an tara leda da robobi da tsummoki a bakin kwata an cinna wuta. Babu bututu, babu matata. Hancin yaranmu da ƙirjin tsofaffinmu su ne ke tace hayaƙin. Robar da ke ci a irin wannan wuta tana fitar da dafi, kuma mai ciwon asma shi ne farkon wanda zai ji a jikinsa.

Ba mu ce mu gina irin ta Biyana gobe ba. Abin da ke hannunmu shi ne mu daina sa wa leda wuta a ƙofar gida, mu ware ta daga ragowar abinci, mu kuma haɗa kai da sarkin zango da limamanmu a matsa wa hukumar gari ta kawo motar kwasar bola a kan kari. Haraji muke biya kamar kowa, don haka haƙƙinmu ne.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.